Ƙarar Fanka da Saniyar Inna

A jikin akwatin kwamfutata akwai wata tsohuwar fanka da na ɗaure da waya. Boris ɗinta, wato ƙarfen da take juyawa a kansa, ya ci, idan ta ɗauki gudu har tebur yakan ɗan yi rawa. Akwai sababbi guda biyu a ciki da suka fi ta kyau nesa ba kusa ba, su ne ma suke ainihin aikin sanyaya na'urar, kuma ba a jin motsinsu. Duk wanda ya san kan kwamfuta idan ya shigo ɗakina sai ya tambaye ni me tsohuwar take yi a nan. Nakan ce zan duba. Dalilin da ba na faɗa shi ne wata saniya, ja mai farin goshi, da ke cikin garken kawuna a Ruwan Bago. Ita kaɗai ta rage wa mahaifiyata, kuma saura kaɗan ta tafi kasuwa saboda ni.

Ni ne ɗan fari. Inna Bafulatana ce, daga ƙasar Rogo aure ya kawo ta Karaye, kuma kunyar ɗan fari da wasu matan suke sassautawa idan yaro ya girma, ita ba ta sassauta ba. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta leƙa ɗakina, ba ta tambayar ina za ni ko daga ina nake. Da safe nakan durƙusa a bakin ƙofarta in gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri, in tashi. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin so ba, haka na taso na gani. Lokacin da gida yake cike ba a ma lura, don kullum akwai wanda za a aika. Amma bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ƙanwata ta yi aure a Kafin Dafga, ƙannena maza suka koma Kano, sai gidan ya rage daga ni sai ita, sai kaji da akuya guda.

Kajin nan su suka zama 'yan aike. Idan abinci ya sauka, sai in ji tana gaya musu cewa tuwo dai ya yi, mai so ya ɗauka tun bai huce ba. Idan sabulu ya ƙare, akuyar ce take jin labari. Ni kuma sai in yi gyaran murya daga ɗaki, alamar saƙo ya iso. Wanda na fi ji a kullum shi ne idan kajin suka matso bakin ƙofata, sai ta kore su da mafici tana cewa, "Ku matsa daga nan, mutane na aiki."

Aikin kuwa ba wani babba ba ne. Bayan na gama jami'a na yi bautar ƙasa, na jira aikin gwamnati har na gaji, sai na sayo kwamfutar tebur ta hannu a Kano, na sa sola a kan rufin ɗakina. Masu ɗaukar bidiyon biki da walimar sauka da taron makarantu suna turo mini abin da suka ɗauka, in yanke, in gyara, in haɗa, in mayar musu. Yawanci ta waya muke gama komai, ba kasafai wani yake zuwa gida ba. Haɗa bidiyo aiki ne mai sa na'ura zafi, fankar kuma zafin take bi. Idan rubutu nake yi sai ta riƙa gurnani a hankali, idan na sa mata babban aiki sai ta tashi da ƙara kamar injin markaɗe na nesa. Na saba da ita har na daina ji.

Shanun Inna kuwa, asalinsu wadda mahaifinta ya ba ta ce lokacin aurenta. Sun taɓa yawa kaɗan. Wata ta tafi a jinyar mahaifinmu, wata ta mutu, wata kuma ta tafi a shekarar da na shiga jami'a, ko da yake wannan ba a bakin Inna na ji ba. Jar ce ta rage. Ɗan kawuna ne yake kiwonta, mutum ne da ya girme ni, mai iyali, kuma abokin wasana. Lokaci zuwa lokaci yakan zo a babur da nono a galan, ya zauna a gaban Inna su yi ta Fulatanci. Nakan ji tana tambayarsa ƙafar jar ta warke, tana cin ciyawa sosai, ba a barinta a rana dai ko. Yadda take sakin jiki da zancen saniyar nan, ban taɓa ji ta yi zancen wani mahaluki haka ba.

A wata bazara Inna ta fara ciwon kai. Ƙanwata ta zo ta kai ta asibiti, suka dawo da magani da bayani: hawan jini ne, a rage gishiri, a rage tunani, ta riƙa kwanciya da rana a wurin da babu hayaniya. Ƙanwata ce ta gaya mini a zaure kafin ta tafi. Kalmar hayaniya ce ta tsaya mini. Na tuna cewa Inna ta daɗe da daina shimfiɗa tabarmarta a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ta dawo da ita jikin bangon ɗakina, daidai bayan teburina. A lokacin na ɗauka inuwa take bi, don bangon yana ba da inuwa da azahar. Na ce a raina, ga tsohuwa mai ciwon kai tana neman inuwa, ni kuma na sa mata inji a bayan kunne, kuma ba za ta taɓa cewa in rage ba, ko da kanta zai tsage.

Ran nan ta tafi suna a maƙwabta, sai na kunna babban aiki na fita na tsuguna a inda take kwanciya. Na ji ƙarar tana fitowa ta taga, tana kuma bin bangon. Wataƙila ba ta kai yadda na ji ta ba, mutumin da ya riga ya yanke wa kansa hukunci komai yakan yi masa yawa. Amma na tashi daga wurin ina jin nauyin kaina.

Ni mutum ne da ba ya iya sayen ko batir sai ya karanta a kansa. Don haka na shiga karatu a kan ƙarar fanka. A jikin kowane kwali akwai lamba da haruffan dB, wato desibel, ma'aunin ƙara. Abu na farko da na gane shi ne ma'aunin nan ba ya tafiya kamar mudu ko tiya, inda biyu ta ninka ɗaya. Idan na fahimta daidai, ƙarin goma a lamba kunnen mutum yana jinsa kamar an ninka ƙarar sau biyu. Ke nan fankar da aka rubuta wa talatin ba ɗan fin mai ashirin ta yi ba, ninkinta ce a kunne. Haka kuma idan aka haɗa fanka biyu masu ashirin-ashirin, ba arba'in za su ba da ba, wajen ashirin da uku ne. Wannan ya ɗauke ni lokaci kafin ya zauna mini, na yi ta komawa ina sake karantawa don kada in yi kuskure. Wasu kwalayen suna ƙara harafin A a ƙarshe, wai an daidaita awon da yadda kunnen ɗan Adam yake ji, tunda kunne ba ya ɗaukar kauri da sirantar sauti daidai wa daida.

Sai kuma abubuwan da lambar ba ta faɗa. Yawanci ana awon ne daga nisan mita ɗaya, a ɗakin da babu wani motsi, fankar tana tsaye ita kaɗai ba a cikin akwati ba. Kamfanoni ma ba lallai ne su auna iri ɗaya ba, don haka lambar wannan ba koyaushe take kwatantuwa da ta wancan ba. Akwai kuma lamba ta biyu, ta yawan iskar da fankar take turawa. Wannan ta fi tayar mini da hankali, don a zafin Karaye fankar da ta yi shiru saboda ba ta aiki za ta dafa mini na'ura ne kawai. Mafitar da na samu ita ce fanka mai faɗi: babba tana juyawa a hankali ta tura iskar da ƙarama sai ta yi gudu tana ihu kafin ta tura.

Na sauke wata manhaja a waya mai auna ƙara. Na san awon waya ba abin rantsuwa ba ne, amma ya isa kwatance. Duk lokacin da Inna ta fita, sai in je wurin tabarmarta in auna. Idan kwamfuta a kashe take, da kukan kaji da motsin ganye da dakan maƙwabta, lambar tana yawo a talatin da wani abu. Idan tana babban aiki, sai ta haura hamsin. Na yi lissafi na ga kusan ninki huɗu ke nan a kunne. Burina shi ne in sauko da ƙarar har ta nutse a cikin motsin gidan, yadda wanda ke kan tabarmar ba zai iya bambance a kunne take ko a kashe ba.

Na kira wani mai sayar da kayan kwamfuta a Kano, na yi ta tambayarsa lambobin da ke jikin kwalaye. Da farko yana karanto mini, daga baya ya gaji ya ce, yallaɓai, duk fanka fanka ce, wannan sha takwas wancan ashirin da takwas, goma ce fa kawai tsakaninsu. Na ce masa goman nan ita ce maganar. Ya ce to Allah ya ba mu haƙuri da 'yan boko. Na zaɓi manya biyu masu ƙaramar lamba, da robobin da ake sawa a madadin ƙusa don kada rawar fanka ta shiga jikin akwati. Aka ba direba ya kawo mini tasha.

Da na ɗaura su na kunna, na ɗauka ban haɗa wayar daidai ba. Sai da na sa tafin hannu a bayan akwatin na ji iska tana fita. Na sa wa na'urar aiki mafi nauyi da nake da shi, na zuba wa ma'aunin zafi ido, bai wuce inda ya kamata ba. Da na sami dama na auna a wurin tabarma, a kunne da a kashe lambar ɗaya ce. Na ji daɗi ƙwarai. Na so in gaya wa wani, amma wadda aka yi domin ta ba a gaya mata irin wannan. Na sa tsohuwar fankar a kwali na tura ƙarƙashin gado.

Abubuwan da suka biyo baya duk na gan su, ba zan ce ban gani ba. Fassarar ce na yi musu ta yadda nake so. Da farko Inna ta ci gaba da kwanciya a jikin bangon, har na lura ta ƙara matsowa kusa da tagar. Na ce ta sami barci. Bayan wani lokaci ta mayar da tabarmar ƙarƙashin darbejiya. Na ce rana ce ta juya. Kaji suka fara shigowa har bakin ƙofata, wata ma ta hau kan takalmina ta yi abin da ta ga dama, ba wanda ya kore su. Na ce hutun da likita ya ce ta yi ne take yi. Naman da ke cikin kwanona ya ƙaru, na lura nata kwanon miya ce zalla. Akuya ta daina jin labarin sabulu da sukari. Wata rana na ji tana gaya wa akuyar cewa maganin asibitin nan ma ya isa haka, mutum ba zai dawwama yana haɗiyar ƙwaya ba. Wannan kam ya dame ni, na kira ƙanwata, ta zo ta lallashe ta suka koma asibiti. Aka ce jinin bai sauka ba, ya ma ɗan ƙara hawa.

Ina jin kunyar rubuta abin da na yi tunani a lokacin. Na ce to ko inbata ce, na'urar da ke juya wutar sola, ita ma tana wani ɗan zuu idan rana ta take. Har na fara karanta yadda ake mayar da ita zaure.

Ina cikin wannan ne ɗan kawuna ya zo, wata rana bayan la'asar. Na ji tsayuwar babur ɗinsa, na ji sun gaisa da Inna sun yi maganarsu ƙasa-ƙasa, ba irin hirar da suka saba ba. Ɗabi'arsa idan ya gama da ita sai ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya ya ce ina baturen gidan, ko yana ciki yana kiwon shanun gilashi. Ni kuma in ce masa ya karkaɗe ƙafarsa kafin ya shigo mini da daji. Ran nan bai yi ba. Sallama ya yi a hankali, ya cire takalmi, ya shigo ya zauna a ƙasa, ya jawo ƙofa. Muka gaisa, ya tambayi aiki da gajiya, na tambayi kawu da iyali da dabbobi. Sai ya sunkuyar da kai ya ce mini ya haƙuri.

Na ce, "Haƙurin me? Wa ya rasu?"

Ya nuna akwatin da haɓa. "Injin mana. Ai da ka faɗa tun wuri, bature. Mu ba a ɓoye mana mutuwa, ko ta kaza ce."

Na ce masa lafiyarta ƙalau, ga shi ma tana aiki. Na juyo masa da allon ya ga bidiyon wata walima yana haɗuwa, layin da ke nuna ci gaban aikin yana tafiya. Bai yarda da allon ba. Ya matso ya kara kunnensa a jikin akwatin, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce wannan ai gawa ce da ido buɗe. Na kama hannunsa na kai bayan akwatin ya ji iska. Na fara yi masa bayanin lambobi, da goman da take ninki, da dalilin da ya sa na canza. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ce in dakata, shi yanzu kansa ne ya fara ciwo.

Sai ya gaya mini abin da ya kawo shi. Goggonsa, wato Inna, ta umarce shi ya kai jar kasuwa ranar kasuwa mai zuwa. Abin da aka samu ya kawo mini a matsayin shi ne ya ga dama ya taimaka wa ɗan'uwansa, kada sunanta ya fito. Ta gaya masa injin ɗakin can ya daɗe da yin shiru. Ta ce ta jira ko gyara ake yi, ta kasa kunne har ta gaji, babu. Ta ce mutumin ɗakin kullum yana shiga da safe ya zauna har yamma, don kada a gane babu abin yi, kuma ita ba za ta zuba ido ana wannan zaman ba tana da abin sayarwa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne zaman da ta ɗauka ina yi. Duk kwanakin nan da nake ciki ina jin daɗin na sama mata hutu, ita tana waje tana ganin ɗanta a zaune gaban mataccen inji yana rufa wa kansa asiri. Tabarmar nan ba inuwa take bi ba. Ta wannan ƙarar take sanin na tashi lafiya, aiki ya zo, yau mai nauyi ne ko marar nauyi. Tambayoyin da ba za ta iya yi mini ba, fankar ce take amsa mata.

Na ce masa ya je ya gaya mata gaskiya yanzu. Ya ce, "In gaya mata me? Ai ni ban gaya maka komai ba. Kana so ta ce na kwance mata zani a gaban ɗanta?" Ya ce ko ya faɗa ma ba za ta yarda ba, za ta ce mun haɗa baki ne don a bar mata saniya. Shi kuma ba zai iya ƙin aiken goggo ba, idan ranar ta zo ba ta canza magana ba, zai ja jar ya tafi da ita. Ya ƙara da cewa tana da ciki, shi ya sa ma abin yake masa ciwo, saniya mai ciki ba a rabuwa da ita sai dole. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kai da ka yi karatun kashe ƙara, sai ka yi na tayar da ita."

Washegari da na durƙusa gaisuwa, na yi abin da ban taɓa yi ba. Bayan ta amsa, maimakon in tashi, na ce, "Inna, aiki yana tafiya lafiya." Ta ce madalla, tana kallon bango. Na ga yadda ta ƙara riƙe carbinta, nan take na gane na ƙara ɓata lamarin. Shekara da shekaru ban taɓa ba ta labarin aiki ba, sai yanzu. Wanda aikinsa yake tafiya lafiya ba ya zuwa ya faɗa. Na yi tunanin in ce ta zo ta gani, amma ba za ta shiga ɗakin ba, ko ta shiga ma allon mai haske ba zai gaya mata komai ba. Na yi tunanin kiran ƙanwata, sai na ga ita ma zancen zai koma ga wa ya faɗa.

Na jawo kwalin daga ƙarƙashin gado. Na daɗe ina juya tsohuwar fankar a hannu, don na san abin da nake shirin yi. Na san lambobin. Zan mayar wa mai hawan jini ƙarar da na auna da kaina na ga ta ninka motsin gidan, bayan likita ya ce a nema mata shiru. Ban tabbata wanne ya fi yi mata illa ba, ƙarar ko rashinta, har yau ma ban tabbata ba. Amma ranar kasuwa tana matsowa. Babu sauran gurbi a akwatin, sai na ɗaure ta da waya a gefe, na haɗa ta da inda take bin zafin na'ura, don ta riƙa tashi da sauka tare da aiki kamar da.

Da hantsi na sa babban aiki. Ta yi tari, ta kama, ta ɗauki gudu, teburin ya fara rawarsa. Bayan shirun da na saba da shi, sai na ji kamar ta fi da ƙara. Na buɗe tagar sosai na zauna. Daga tsakar gida ban ji komai ba. Aikin ya kai rabi, babu motsi. Na fara tunanin ko ta fita, ko kuma ta gane dabara ce ta ji haushi. Can sai na ji ana jan tabarma a ƙasa, ana kakkaɓe ta, aka shimfiɗa a jikin bangon. Aka ɗan jima. Sannan na ji bugun mafici da fuka-fukan kaji.

"Ku matsa daga nan," in ji ta. "Mutane na aiki."

Na yi gyaran murya. Ban iya yin wani abu ba bayan wannan, na dai zauna ina kallon layin yana tafiya.

Ana gobe kasuwa ɗan kawuna ya kira ni yana dariya. Ya ce goggo ta aiko masa ta wayar maƙwabciya cewa a bar jar ta haihu tukuna, ba a san abin da Allah zai yi ba. Ya ce ashe injina ma makiyayi ne, daga Karaye yake tsare saniya a Ruwan Bago, ya kamata a riƙa ba shi nasa kason nonon. A makon nan akuya ta ji labarin cewa maganin asibiti ya kusa ƙarewa, sukari ma haka. Ban san me Inna ta ɗauka ya faru ba. Wataƙila ta ɗauka an yi gyara. Wataƙila kuma ta gane komai, ita da ɗan ɗan'uwanta sun fi ni sanin juna. Ba mu taɓa zancen ba, kuma ba na jin za mu yi.

Da a nan abin ya tsaya da na sami sauƙi. Amma damina ta shigo, kowa ya koma gona, bukukuwa suka ja baya, masu ɗaukar bidiyo suka daina kira. A shekarun baya idan irin wannan lokaci ya zo, nakan kashe na'urar in yi karatu ko in fita, fankar ta yi shiru kwana biyu ta dawo, Inna kuma ta san shirun damina ne. A lokacin ban san ana saurare ba, don haka duk abin da fankar ta faɗa gaskiya ne. Yanzu na sani. Duk sanda na kai hannu zan kashe, sai in tuna jar, da ɗan maraƙin da ta haifa, mace, ita ma da farin goshi. Sai in tuna cewa Inna ta riga ta taɓa yanke shawarar sau ɗaya, ta biyu ba za ta yi mata wuya ba.

Don haka a ranakun da babu aiki nakan buɗe wata tsohuwar walima da na daɗe da mayar wa masu ita, in sa na'urar ta sake haɗa ta daga farko. Ba kullum ba, ina ƙoƙarin barin wasu ranakun su tafi a yadda suke, kuma idan hadari ya rufe rana batir ba ya ɗauka. Ina gaya wa kaina cewa aiki zai dawo da kaka, abin da nake yi cike gurbi ne kawai, kuma wataƙila haka ne. Jinin Inna yana hawa yana sauka, ƙanwata ta ce likita bai ga abin tsoro ba, ni dai ban daina zargin ƙarar ba, ban kuma daina kunna ta ba.

Yau ma da safe haka na yi. An yi ruwa jiya, tsakar gida da danshi, na ji ta ɗora tabarmar a kan buhu a jikin bangon. Fankar ta ɗauki gudu a kan walimar da aka ci aka watse tun bara. Kaji suka matso, ta kore su, ta gaya musu mutane na aiki. Ina zaune a ciki hannuwana a kan cinya, na yi gyaran murya.